IDO BA MUDU BA NE: ABIN DA MAN KWAKWA YA KOYA MINI GAME DA RUBUTU

 

Da aka ce ni ce da alƙalamin wannan makon, niyyata in yi magana a kan yadda ake gina tauraro a cikin labari, har na yi nisa da rubutawa. Sai wani abu da ya faru a gidanmu bara ya yi ta dawo mini a rai, na ga gara in amayar da shi in huta. Maganar man kwakwa zan yi, da yadda ake mayar da awonsa daga giram zuwa kofi da cokali. Na san wani zai ce, mu da muka zo koyon rubutu me ya haɗa mu da kicin? Ku yi mini haƙuri ku biyo ni, za ku ga inda gizo yake saƙar.

Duk mai bin littattafanmu na onlayin ya san al'adar nan ta saka girki a tsakiyar labari. Amarya za ta shiga kicin, marubuciya kuma ta tsaya ta jero mana kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, masu karatu su yi ta godiya suna cewa an ƙaru. Ni ma na bi sahu. A wani labarina, tauraruwata ta yi wa dangin miji biskit ɗin kwakwa. Ni ban taɓa yin sa ba. Na shiga intanet na samo haɗin da Turanci, na tarar an rubuta shi da giram: man kwakwa giram 200, sukari giram 200, fulawa giram 500, sai ƙwai da sauran tarkace. Na san yawancin masu karatuna ba su da sikeli a gida, don haka na ce bari in sauƙaƙa musu. Na taɓa jin cewa kofi ɗaya na sukari giram 200 ne, kuma gaskiya ne. Sai na yi lissafina a kan haka: mai kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, fulawa kofi biyu da rabi. Na saki feji, na sha yabo, na kwanta da daɗin rai.

Akwai 'yar kawuna da muke kira Yaya, tana sana'ar cincin da alkaki da dubulan a nan Birniwa, kuma ba ta barin fejina ya wuce ta. An ba ta aikin kayan biki, ta ce bari ta burge masu aikin da sabon abu. Ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba direban motar Kano ya sayo mata man kwakwa, ta ninka haɗina sau goma, ta kwaɓa. Da aka jera a tire aka ɗora wuta, biskit ya ƙi tsayawa. Ya baje, ya haɗe da juna, mai yana tsatsafowa ta ko'ina kamar an matse ƙuliƙuli. Sama da kwalba uku ta man kwakwa, ga sukari, ga ƙwai, ga gawayi, ga kuma masu biki suna jira.

Da yamma ta aiko a kira ni. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaga murfin tiren ta nuna mini, ta ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, kin taɓa yin wannan abin da hannunki kafin ki rubuta?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Yaya." Ta ce, "To ni da na gan shi a rubuce, ɗauka na yi kin yi."

Wannan maganar ita ce dalilin rubutun nan. Mai karatu idan ya ga abu a rubuce, musamman da lamba a jikinsa, ɗauka yake marubuci ya tabbatar. Amana ce yake ba mu ba tare da mun roƙa ba, kuma da kuɗinsa yake biya idan muka yi sakaci.

Bari in faɗi inda na yi kuskure, don a nan ilimin yake. Giram nauyi yake aunawa. Kofi kuwa wurin da abu ya cika yake aunawa. Abu biyu za su iya cika kofi ɗaya daidai wa daida, amma nauyinsu ya sha bamban. Kofin awo na girki, mai ɗaukar mililita 240, idan aka cika shi da sukari zai ba da giram 200. Idan man kwakwa ne, wajen giram 220. Idan zuma ce, wajen giram 340. Idan kuwa fulawa ce, da ƙyar take wuce giram 125, saboda gari ne mai iska a tsakaninsa. Ke nan giram 500 na fulawa kofi huɗu ne. Ni kuma na rubuta biyu da rabi. A kowane kwaɓi na tauye kofi ɗaya da rabi, da Yaya ta ninka sau goma sai ya zama kofi goma sha biyar na fulawa babu su a cikin kwaɓin. Ina mai zai samu abin da zai shanye shi?

Abin kunyar shi ne na san wannan. A ɗakin gwaji, lokacin da nake difloma a poli, mun auna ruwa mun auna mai, an koya mana abin da ake kira densiti, wato nauyin abu gwargwadon wurin da ya cika. Na haddace, na ci jarrabawa, na ajiye shi can tare da katin shiga aji. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa wannan darasin da kwanon kwaɓin Yaya abu ɗaya ba ne. Alhali Innarmu da ba ta yi boko ba kullum tana ganin hujjar a tukunyarta: mai yana tasowa saman miya ne saboda ya fi ruwa rashin nauyi.

Ga lissafin a taƙaice, ga duk mai so ya ajiye. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ba dace aka yi ba, haka Faransawa suka tsara awon tun a 1795, suka ɗaura giram a kan nauyin ruwa. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka lita da kilo duk ɗaya ne a kan komai, alhali a kan ruwa kaɗai suka yi daidai. Lita ɗaya ta narkakken man kwakwa wajen giram 920 ce. Idan an ba ki giram kina neman mililita, ki raba da 0.92. Idan ba kya son raba lamba, ki ƙara tara a kan kowane ɗari: giram 100 ya zama mililita 109, giram 200 ya zama 218. Da kayan awon da muke da su a gida kuwa, ga yadda yake kamawa:

Ƙaramin cokali na shayi, mililita 5: giram 4 da rabi.
Babban cokali, mililita 15: giram 14.
Gwangwanin madarar ruwa, wajen mililita 160: kusan giram 150.
Kofin awo, mililita 240: giram 220.
Gorar ruwa ta roba mai 75cl, wadda masu mai suke kira kwalba: giram 690.
Kilo ɗaya: lita ɗaya da babban cokali shida.

Wani sauƙin shi ne man gyaɗa da man riɗi nauyinsu kusan ɗaya ne da na kwakwa, don haka wannan jerin zai yi miki aiki a kansu ma.

Ku lura da gwangwanin madara, don shi ne kofin awon talaka, kuma akwai tarko a jikinsa. Za ki ga an rubuta giram 170, ki ɗauka duk abin da kika zuba a ciki giram 170 ne. Wannan lambar nauyin madarar da ta zo a ciki ce. Mai a cikinsa bai wuce 150 ba, fulawa kuwa wajen 85. Ga shi kuma wasu gwangwanayen na yanzu ba su kai na da girma ba. Da na san haka a lokacin, abin da ya kamata in rubuta shi ne mai gwangwani ɗaya da sulusi, fulawa gwangwani shida.

Man kwakwa yana da wani hali kuma da ya shafe mu mutanen nan musamman. Shi mai ne da yake daskarewa idan zafi ya yi ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salshiyas. A Badagry ta jihar Legas, inda ake noman kwakwa da yawa a ƙasar nan, da wuya a daɗe ana ganin sa a daskare. Mu kuwa a Birniwa da Haɗeja da Guri, kwalba ɗaya tana da fuska biyu a shekara. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ruwa ne tsararo. Da hunturu ya kama a Disamba da Janairu, sai ki wayi gari ki tarar ya zama fari ƙirin kamar kitse, sai an sa cokali an ƙwaƙulo. Nauyinsa bai canza ba, giram 200 yana nan giram 200. Amma awon cokali ya rikice, domin daskararren mai yana yin tozo a kan cokali har ya kusa ninka awon, a cikin kofi kuma yana barin ramukan iska. Marubuciyar da ta ce "cokali uku" ta yi shiru, mai karatunta ta bazara da ta hunturu girki biyu daban za su yi. Kalma ɗaya ce maganin: ki rubuta "narkakke". Ki ce a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ko a ajiye ta a rana ta narke kafin a auna. Haka man shanu, haka manja.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a taron ƙungiyarmu ta marubuta da na ba da wannan labarin. Wata babbar yaya a cikinmu ta ce iyayenmu sun shekara aru-aru suna girki ba sikeli ba kofi, kuma babu wanda ya kai su iya miya. Ta kawo karin maganar nan cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari a kan miya da tuwo. Miya tana karɓar gyara, in gishiri ya yi kaɗan a ƙara, in ta yi kauri a sa ruwa. Amma idon Inna ya san ƙima ne saboda ta shekara talatin tana kallon tukunya ɗaya, kuma ta koya tana tsaye kusa da tata uwar, ana buge mata hannu idan ta zarce. Mai karatunmu ba ta tsaye kusa da mu. Tana can Maraɗi ko Kumasi ko Jidda da waya a hannu, ba ta ganin ludayinmu, ba ta san girman kofinmu ba. "Ki zuba mai daidai misali" magana ce ta wanda yake tare da kai a kicin. Da zarar ta hau takarda ta zama wofi. Sannan kayan gashi irin su biskit da kek ba sa karɓar gyara, in sun shiga wuta magana ta ƙare.

Wani kuma ya ce ai maganin abin shi ne kowa ya sayi sikeli, a bar wahalar lissafi. Ga mai sana'a, wannan shawara ce mai kyau, kuma Yaya ta saya daga baya. Sikeli ba ruwansa da hunturu ko bazara, ba ruwansa da tozo. Amma ni marubuciya ba zan iya shiga gidan kowace mai karatu in ajiye mata sikeli ba. Abin da yake hannuna shi ne in ba ta duka biyun: ga giram ga mai sikeli, ga gwangwani ko cokali ga marar shi, kuma in faɗi girman gwangwanin da nake nufi. Ko kalmar "kofi" da muke ɗaukowa daga Turanci ba ɗaya ba ce. Na Amurka bai cika mililita 240 ba, na Ostareliya 250 ne, kuma babban cokalinsu can mililita 20 ne maimakon 15. A gidajenmu kuwa in aka ce kofi, wata na shayi za ta ɗauko, wata na silba da ake shan ruwa, wanda ya kusa rabin lita.

Na uku ya ce labari ba littafin girki ba ne, kada a ɗora wa mai ƙirƙira nauyin da ba nasa ba. Shi ma yana da gaskiya, amma gaskiyarsa tana da sharaɗi. Idan kika ce tauraruwarki ta yi biskit gida ya ɗauki ƙamshi, kin yi adabi, babu mai tuhumarki. Ranar da kika tsayar da labari kika ce "ga yadda ake yi", kika jero lambobi, kin fita daga rigar mai ba da labari kin shiga ta malama. Malama kuwa ana tambayar ta abin da ta koyar. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba girki kaɗai muke sakawa ba. Muna saka haɗin man gashi da na gyaran fata, da abubuwan da ake sha. Na Yaya kuɗi ne suka tafi, kuɗi kuma ana mayar da su. Wadda ta shafa ko ta sha abin da muka auna da ka fa?

Da na zauna na yi ta tunani, sai na ga matsalar har da ta harshe. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, "awo". Mai hatsi yana awo da kwano, mai nama yana awo da sikeli, tela yana awo da tef. Harshen yau da kullum bai tilasta mana mu bambance ba, shi ya sa hannu yake zamewa. Amma kada wani ya ce ilimin baƙo ne a wurinmu. Malaman fiƙihu tun tuni suka raba abin da ake aunawa da mudu da abin da ake aunawa da sikeli. Zakkar fid da kai da muke fitarwa kowace ƙaramar Sallah da sa'i ake auna ta, mudun Annabi (SAW) huɗu, wato awon cika. Shi ya sa idan aka zo mayar da ita kilo, lambar gero daban, ta shinkafa daban, ta dabino daban. Abin da ya rage mana mu marubuta shi ne mu daidaita kalmomin mu riƙa amfani da su har su zauna. Ni dai na zaɓi "awon nauyi" da "awon cika". In wani yana da waɗanda suka fi su, ina maraba.

Kuma kada a ɗauka wannan rata tsakanin kwano da kilo a kicin ta tsaya. Mu nan ƙasar riɗi ce da zoɓo. Manomi yana kai riɗinsa kasuwa a auna masa da kwano, wani ya cika ya yi tozo, wani har ya tare da hannu. Wanda ya saya kuma ya kai Dawanau a Kano a ɗora a sikeli a biya shi da kilo. Duk wanda ya san kilo nawa ne a kwanon, shi yake da riba. Wanda bai sani ba sai dai ya ce Allah ya sa albarka ya kama hanyar gida. Nijeriya tana da dokar awo da ma'auni tun 1974, amma manomi nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan lissafin da Hausar da suke ji? Ga fili nan a buɗe. Muna ta kukan cewa jigogin labaranmu sun ƙare, kullum soyayya da kishiya, alhali ga rubutun da mutanenmu suke buƙata babu mai yi.

Akwai wata mata a Amurka mai suna Fannie Farmer, wadda ta fitar da littafin girki a birnin Boston a 1896. Abin da ya sa har yau ake tuna ta shi ne ta dage a kan a cika kofi da cokali a shafe bakinsu daidai, a daina awon tozo da na ƙiyasi. Aikin marubuciya ta yi: ta tsaya ta tuna da wadda za ta karanta ba ta gabanta. Hausa ma za ta iya ɗaukar irin wannan rubutu, in mun yarda mu yi masa wahalar da yake buƙata.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina, kuma nake roƙon ku duba. Ba zan ƙara rubuta haɗin da ban yi da hannuna ba, ko ban zauna kusa da wadda ta yi na gani ba. Idan na fassara, kowane kayan haɗi zan mayar da awonsa shi kaɗai, ba zan yi wa fulawa lissafin sukari ba. Zan faɗi abin awon da girmansa. Zan faɗi ko narkakke ne ko daskararre, ko shafaffe ne ko mai tozo. Idan kuma na gano na yi kuskure bayan na saki, zan koma in gyara a fili, a wurin da na yi shi. Na Yaya na koma na gyara, na ba masu karatu haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban san mutum nawa suka kwafi fejin farko suka tura wa wasu ba, kuma yana nan yana yawo da kofi biyu da rabinsa.

Kuɗin man kuwa na biya Yaya da kaɗan-kaɗan, duk da ta ce in bar shi. Bayan sallar layya muka sake kwaɓawa tare, mai gwangwani ɗaya da sulusi, fulawa gwangwani shida, muka gasa a tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Ya tsaya, ya yi ƙarau. Ta gutsura ta tauna, ta ce, "To yanzu je ki rubuta."

Allah ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, ya tsare mu daga tauye wa mai karatu mudu. Wanda ya ga gyara a lissafina ya taimaka ya nuna mini, ɗaliba ce ni har gobe.

Taku,
'yar uwarku daga Birniwa.